Ranar Da Toranke Ta Ji Waƙar Kurciya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da walimar saukar makarantarmu ta Toranke, shekarar da na ɗaura ɗamarar gyara wa Baba kunne. Har yau idan na hango lasifika a ɗaure a kan bishiya sai in ji gumi ya tsattsafo min a ƙeya, ko da kuwa sanyi ake yi.

Bari in fara gaya muku ko su waye mu. Gidanmu gidan malamai ne. Baba (mutanen gari Malam suke ce masa) shi ya kafa Islamiyyar da ke jikin gidanmu tun tana rumfar kara, har ta zama azuzuwa masu rufin kwano. Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ina ƙarami “kai” ne, ko “wancan”. Da na koma Kano da aiki sai na samu ƙarin girma, na zama “mutumin Kano”. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin Goggo, yayarsa, a hannunta na girma. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, alkunya ce, haka kowa ya taso ya tarar. Amma ƙarya nake yi idan na ce ban taɓa jin wani abu a raina ba in ya buɗe baki ya kira ƙanena Habibu da sunansa, ni kuwa ya yafito ni da hannu.

Habibu ne ya gaji karatun Baba, shi ke riƙe da makarantar yanzu. Ni abin da na gada ban san daga ina ya fito ba: son na'ura. A ofishinmu ni ake kira idan firinta ta ƙi aiki, wannan kuwa ya sa nake ganin kaina rabin injiniya.

Yadda ake sauka a makarantarmu shi ne, bayan an gama kaka, gyaɗa ta shiga buhu, sai a sa rana. A shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar makaranta, maza a gaba, mata daga gefen katanga. Baba ya zauna a kan buzunsa. Duk yaron da ya sauke ya zo da allonsa mai zayyana ya durƙusa a gabansa ya karanta. Baba yana lumshe ido yana jan carbi. In yaro ya yi kuskure ba ya magana, yatsa ɗaya kawai yake ɗagawa, yaron ya koma baya ya gyara. Wannan yatsan, akwai magidanta masu furfura a garin nan da har gobe suke ganinsa a mafarki.

To, sai kunnen Baba ya fara nauyi. An taɓa sayo masa ɗan abin ji na asibiti, ya ce kukan gyare yake yi masa a cikin kai, ya jefa shi a gwangwanin allurar Goggo. Lasifika ma ba ta yi masa amfani. “Ƙara nake ji,” in ji shi, “ba na jin harafi.” A saukar da ta gabata ya zauna ya kafa tafin hannu a bayan kunne tun daga farko har ƙarshe, yatsan nan bai tashi ko sau ɗaya ba, ba kuma don yaran ba su yi kuskure ba. Da aka tashi ya shiga ɗaki, bai ci abincin walima ba.

Da lokacin sauka ta gaba ya matso sai Habibu ya kira ni a waya.

“Yaya, Baba ya ce bana ba zai fito ba. Wai ba zai zauna ya sa wa yaro albarkar sauka alhali bai ji abin da ya karanta ba. Ya ce ni in zauna a buzun.”

“To kai me ka ce?”

“Me zan ce? Ni dai na san in bai fito bana ba, ya daina fitowa ke nan. Ko zaure ma yanzu sai an yi da gaske yake zama.”

Nan take na ce masa ya bar komai a hannuna. Na faɗa da irin muryar da nake yi wa firinta magana.

Dabarar da na yi tunani ba ta da laifi, wannan kam ko maƙiyina zai yarda. Za a jona 'yar na'ura, adafta, a jikin akwatin lasifika, ta ɗauki muryar yaron da ke karatu ta aika ta iska zuwa hedifon, irin babban nan mai rufe kunne gaba ɗaya, a sa wa Baba. Ba waya, ba igiyar da yara za su yi tuntuɓe da ita. Bulutut dai da kowa ya sani, irin wanda 'yan acaɓa ke maƙalawa a kunne.

Sai dai da na shiga bincike na tarar abin gari guda ne. Ashe bulutut ma yana da tsoho yana da sabo. Tsohon in ka yi 'yan taku ka sha kwana sai ya yanke, sannan murya tana makara, ka ga baki ya motsa sai daga baya ka ji maganar. Baba kuwa da ido yake taimakon kunne, yana kallon laɓɓan yaro, ba zai lamunci wannan ba. Sabon yana tafiya nesa, yana ratsa bango, murya da baki suna tafiya tare. Kuma dole adaftar da hedifon ɗin su zama 'yan zamani ɗaya, in ɗaya tsoho ne sai ya jawo sabon baya su koma tafiyar tsofaffi. Adaftar ma kala biyu ce, akwai mai aikawa, akwai mai karɓa, akwai kuma mai yin duka biyun, da ɗan makunni a gefe kamar ƙwayar gero: ka tura shi nan ta aika, ka tura shi can ta karɓa. (Ku riƙe ɗan makunnin nan a ranku. Ni ban riƙe ba.)

Na ishi mai ɗakina da bayani. Tana tuƙa tuwo ina yi mata lacca a kan hedifon mai kashe hayaniya, yadda zai haɗiye ƙarar janareta ya bar wa Baba muryar yaro zalla. Ta ce, “Allah ya sa a dace,” irin faɗin da ake yi wa wanda ake so ya yi shiru. A kasuwar waya ma haka na tsaya a kan mai shago ina karanta masa abin da ke jikin kwali, ina gyara masa lambobi, har ya jingina da kanta ya ce, “Alhaji, kai za ka saya ne, ko kai za ka sayar min?” Na zaɓi mai yin duka biyun, wadda ta fi kowacce tafiya nesa. Na fito ina jin kaina kamar wanda ya gama aikin Hajji.

Jajiberin sauka muka hau motar Ajingi, ni da mai ɗakina da 'yarmu Ummi. Kwalin na'urar a kan cinyata yake tun daga tasha har muka wuce Gaya, ban yarda kwandasta ya taɓa shi ba. Ina son hanyar nan a wannan lokacin na shekara: harawa a jibge a kan rufin gidaje, amalanken shanu ɗauke da dammunan dawa, ƙamshin gyaɗa ana soyawa a bakin titi. A lokacin in ka sauka a Ajingi ka hau babur zuwa Toranke, ba ka isa gida ba sai labarin zuwanka ya riga ka.

Na tarar da Baba a ƙofar ɗakinsa bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe kwali, na ɗaga murya na yi masa bayani. Ya karɓi hedifon ɗin ya juya shi, ya latsa soson da yatsa.

“Mutumin Kano ya zo da kayan direban jirgin sama,” ya ce wa Goggo, ba ni ba. “Tambaye shi, a kan rawani ake sawa ko a ƙarƙashi?”

Goggo ta ce ya bar ja, ya gwada. Gwaji kuwa bai yiwu ba a ranar, don lasifikar ta haya ce, sai da safe za a kawo ta daga Ajingi. Da ƙyar da lallashi ya yarda zai fito, amma da sharaɗi.

“In ban ji ba, zan ɗauki takalmina in shiga gida. Kada wanda ya riƙe ni.”

Da safe aka kawo kaya, aka ɗaure lasifika biyu a kan darbejiya, aka tayar da janareta. Al'ada ce kafin mutane su taru a saki karatu a lasifika don gari ya san an fara. Habibu ya ce ko zan ba su karatu daga wayata. Ni kuwa abin da nake jira ke nan. Na tura ɗan makunnin nan zuwa ɓangaren karɓa, na mayar da jonin adaftar inda sauti ke shiga akwatin, na haɗa ta da wayata, karatu ya tashi ya cika gari. Daga nan sai na sa wayar a aljihu na shiga yawo, don kowa ya ga ba ya yankewa. Na je bakin rijiya na dawo. Na zagaya bayan makaranta na dawo. Har wajen surukina na je na yi wannan burgar.

Surukin nawa shi ne Malam Inuwa na Balan, abokin karatun Baba tun suna samari, wanda ya ba ni auren 'yarsa. Mutum ne mai kwarjini, mai farin gemu har ƙirji, wanda ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Na durƙusa na ce, “Allah ya gafarta Malam, ka ga wayar tana aljihuna amma karatun yana fita a can. Ko bango ba ya tare shi.” Ya ce, “Ikon Allah,” ya ci gaba da jan carbinsa.

Wuri ya cika. Baba ya fito da farar babbar riga, ya zauna a buzunsa kusa da Malam Inuwa, ya ajiye takalmansa a inda hannunsa zai kai, na kuwa lura da hakan. Na tsayar da karatun, Habibu ya ɗauki makirufo ya fara maraba da baƙi. Sai zuciyata ta ce min, kafin ka sa wa Baba abin nan a gaban jama'a, ka ƙara gwada shi sau ɗaya, kada ya ba ka kunya. Kun ji dalilin: gudun kunya.

Na ɗauki hedifon na shige ajin ƙarshe, can nesa da taro, na tura ƙofa. Na sa shi a kai, na danna wurin kashe hayaniya. Duniya ta yi tsit. Janareta ya ɓace, surutun mutane ya ɓace. Na ce alhamdulillahi, kuɗi ya yi aikinsa. Saura in ji yadda yake fitar da murya. Na buɗe waya na danna abin da ke sama a cikin muryoyin da na naɗa, tunda ai kunnena kaɗai zai ji.

A nan dole in tsaya in yi muku bayanin abin da ke saman nan, ko da yake da za a bar ni da na tsallake.

Ummi ita ce 'yata ta fari, kuma sunan marigayiya mahaifiyarmu ta ci. A Toranke ni ma ina yin abin da na taso na gani. Ba na ɗaukarta a gaban Baba, ba na kallon inda take a gaban Malam Inuwa, in ta kama min riga sai in ce, “A ɗauke yarinyar nan.” Amma a Kano, in na rufe ƙofar gidana, wani mutum ne daban. Ummi ba ta barci sai na yi mata wata 'yar waƙa da Goggo take yi min ina ƙarami. Saboda ranakun da nake daɗewa a ofis sai na naɗi waƙar a waya, uwarta ta riƙa kunna mata. Ba kuma da muryata ta maza na yi ba. Da wata siririyar murya na yi, wadda ni kaina ban san ta ina take fitowa ba.

“'Yar kurciya ta kan rumbu, wa ya ba ki gyaɗa? Abba ne, Abba ne. Kurrr, kurrr.”

Akwai baiti na biyu. Akwai inda nake tsayawa in tambaya, “Ummin wa? Ummin Abba. Wa ya fi son Ummi duk duniya?” in kuma ba kaina amsa. Akwai ƙarar sumba, ba ɗaya ba.

Na danna. Sai na ji waƙar can ƙasa-ƙasa, kamar daga ƙarƙashin rijiya. Raina ya ɓaci. Wannan ne hedifon ɗin da na sha wahalar zaɓa? Ni mai lafiyayyen kunne da ƙyar nake ji, ina ga Baba? Na ƙara murya. Ta ɗan taso kaɗan. Na ƙara. Na ƙara har ta kai ƙarshe, ina tsine wa mai shago a zuciyata. Da waƙar ta ƙare na ce bari in sake saurara da kyau, na mayar da ita farko.

Abin da ban sani ba shi ne, wayata ba ta kula hedifon ɗin ba sam. Tana nan manne da adaftar da na haɗa ta da ita da safe, wadda na bari a ɓangaren karɓa, a jikin akwatin lasifika. Da tsohuwar adafta na saya, da tun ina tsakar fili ta yanke. Amma ni ai wadda ta fi tafiya nesa na zaɓa, mai ratsa bango, kuma ta ratsa. Ɗan sautin da nake ji ƙasa-ƙasa, lasifikar kan darbejiya ce take ƙoƙarin shigowa ta cikin abin da na toshe kunnena da shi.

Daga baya aka ba ni labarin yadda abin ya kasance a waje, kuma an ba ni shi sau da yawa, ba tare da na tambaya ba. Habibu ya gama cewa Malam Inuwa zai buɗe taro da addu'a. Kowa ya nutsu, an ɗaga hannuwa. Malam Inuwa ya gyara murya. Sai kawai waƙar kurciya ta sauka a kan jama'a daga lasifika. Mai lasifika ya tafi sayo fetur, Habibu ya ruɗe ya shiga murɗa duk abin da hannunsa ya taɓa a jikin akwatin, bai tuna da a zare joni ba, har ya murɗo wurin da ke sa murya ta yi amsa-kuwwa. Aka koma jin “Abba, Abba, Abba” yana dukan bangon masallaci yana dawowa. Wasu sun fara tunanin wata mata ce. Ummi ce ta raba gardama. Ta miƙe a tsakiyar mata tana tafi tana cewa, “Abbana, Abbana.” Uwarta ta ja mayafi ta rufe fuska, an ce ba ta buɗe ba sai azahar.

Ni kuwa ina cikin aji ina gyaɗa kai, ina ma ɗan bin waƙar, sai na ga ƙofa ta bugu da bango. Goggo ce. Matar da ta yi shekaru tana kukan gwiwa, ranar da gudu ta zo. Na ga bakinta yana motsi ban ji komai ba, na yi mata murmushi. Ta fizge hedifon ɗin daga kaina.

Sai na ji kaina. Daga sama, daga gabas da yamma, da ƙarfin da ya isa a ji a gonakin bayan gari, ina tambayar duniya wa ya fi son Ummi.

Ban san yadda aka yi na kashe wayar ba. Shirun da ya biyo baya ya fi waƙar muni, don a cikinsa na jiyo dariyar da mutane ke ƙoƙarin dannewa tana kuɓucewa nan da can. Na kalli tagar ajin, na auna ta da ido. Na lissafa cewa in na fita ta nan na bi ta cikin karan dawa zan iya ɓullawa titi, in tari motar Gaya, in aiko a kawo min iyalina daga baya.

“Ko ka fara,” in ji Goggo. Ta san ni. “Ɗan nan, kunyarka ta jira. Ubanka ya jawo takalminsa. Ya ga an yi ta hargitsi ba a sa masa komai a kunne ba, ya ɗauka abin ya ƙi ne. In ya shiga gidan nan kai ka sani.”

Ba wanda ya san kan na'urar sai ni. Akwatin lasifikar kuma yana gaban taro, dab da buzun Baba, dab da Malam Inuwa. Haka na fito, hedifon a hannu, na ratsa filin nan. Ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Dattawa suka sunkuyar da kai don su rufa min asiri, wanda ya fi a kalle ni ciwo. Daga layin samari wani mara tsoron Allah ya yi “kurrr” a hankali. Malam Inuwa ya ƙura wa carbinsa ido kamar ranar ya fara ganinsa, amma gemun nan yana rawa.

Na tsuguna a gaban akwatin. Na tura ɗan makunnin zuwa aikawa, na mayar da joni inda sauti ke fita, na kashe wayata gaba ɗaya na danna ta can ƙasan aljihu. Fitilar hedifon ta daina ƙiftawa ta tsaya, alamar sun haɗu. Baba ya riga ya zura ƙafa ɗaya a takalmi. Na rarrafa gabansa, ban iya ɗaga kai ba, na miƙa masa da hannu biyu. Ya kalle ni. Sannan ya sassauta rawaninsa ya tura shi baya, ya sunkuyo da kai, na sa masa.

Malam Inuwa ya yi addu'arsa, gajeriya ƙwarai. Aka kira ta farko, wata yarinya Rukayya, 'yar wani manomi daga bayan gari. Ta durƙusa da allonta, Habibu ya riƙe mata makirufo, ta yi basmala ta fara. Ina gefe ina kallon fuskar Baba, na manta ma da tawa kunyar. Da farko ba abin da ya motsa. Can sai na ga idonsa ya lumshe. Carbi ya fara tafiya. Yarinyar ta zo wani wuri ta gajarta inda ake ja, sai yatsan nan ya tashi.

Rukayya ta koma ta gyara, yatsan ya sauka. Na ga Habibu ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Baba ya zare ƙafarsa daga takalmin, ya tura shi gefe, ya gyara zama.

Da a nan labarin ya tsaya da ma ya ishe ni. Amma akwai abu ɗaya game da hedifon mai rufe kunne da duk laccar da na yi ban gaya wa Baba ba: wanda ya sa shi ba ya jin muryar kansa. Da Rukayya ta gama, Habibu ya kashe makirufo yana jiran na biyu ya taso, sai Baba ya karkata wajen abokinsa, ya kare baki da tafin hannu irin na mai shirin yin raɗa. Sannan ya yi magana da muryar da yake jan sallah da ita.

“Malam Inuwa, ka ji waƙar ɗazu? Ban ji kalmomin ba, amma na gane karinta. Tawa ce. Ni na yi masa ita yana jinjiri, a bayan rumbu, in na ga ba kowa.”

Sai ya faɗi sunana. Cikakke, yadda aka raɗa min shi.

“Ban san inda ya samo ta ba,” ya ci gaba, har yanzu hannu a baki. “Muryar ce dai bai yi dace ba. Amma yaron kirki ne. Ka ga ya dawo min da kunnena.”

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Malam Inuwa ya gyaɗa kai kamar shi kaɗai ya ji, jama'a kuma kowa ya kama kallon wani wuri, aka taru aka rufa wa Baba asiri yadda aka so a rufa min ɗazu. Ni kuwa na sunkuya a bayan akwatin lasifika ina taɓa wayoyin da ba abin da ya same su, don kada a ga fuskata. Ina da aure, ina da 'ya, ina da furfura ɗaya-biyu a gemu, amma kuka nake yi sosai.

Da yamma na samu Goggo tana ɓarar gyaɗa, na tambaye ta. Ta ce, “Ta katanga nake jiyo shi. Ya ɗauke ka ya zagaya bayan rumbu wai zai duba gara. Da aka kawo min kai ka ƙi barci, sai na gwada waƙar, ka yi shiru. Shi ke nan na riƙe ta.” Na ce to tana ganin ya san duk gari ya ji abin da ya faɗa ɗazu? Ta watsa ɓawo a ƙasa ta ce, “Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta? Ni dai ban tambaye shi ba, kai ma kada ka tambaya.”

Ban tambaya ba. Washegari na koma “mutumin Kano”, kuma haka na ci gaba da zama har ƙarshe. Baba ya zauna a buzunsa a saukokin da suka biyo baya, hedifon a kan hula, yatsa yana tashi yana sauka, har shekarar da Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Habibu ne a buzun yanzu. Darbejiyar tana nan, lasifikar ma makaranta ta sayi tata. Ni kuma har gobe in na sauka daga babur a Toranke sai wani ya ce, “Abban Kurciya, an zo lafiya?” Yaran da ba a haifa ba a lokacin ma haka suke kirana, sun ɗauka sunana ne. Hedifon ɗin yana wurina, soson ya fara ɓarewa, har yanzu da ɗan ƙamshin turaren Baba a jikinsa.

In kuna neman darasi, ga shi a sauƙaƙe. Kafin ka danna komai a waya, ka duba da wa take a haɗe. Ka zare kunne ɗaya ka ji abin da duniya take ji. Kada kuma ka bar muryarka ta cikin gida a saman jeri. Duk wanda ya zo neman shawarar wace adafta zai saya, wannan nake fara gaya masa kafin mu kai ga lambobi.

Amma tsakanina da ku, da za a mayar da ni safiyar ranar, a nuna min ɗan makunnin nan a ce in tura shi daidai, ba zan taɓa shi ba.